Shaidar Mama a Kan Gado Na Tara

Ranar da aka ce kwamiti zai zauna a kaina, kuma Mama mai shara ce za a kira ta ba da shaida, na san na shiga uku. Aikin nas na shekara goma sha ɗaya, da lasisina, da abincin 'ya'yana biyu, duk sun rataya a bakin tsohuwar da ba a taɓa yi mata tambaya ta amsa a taƙaice ba.

Bari in faɗa muku ko wace ce, don ku san irin tashin hankalin da na shiga.

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana goge ƙasan ɗakin maza a asibitinmu. Gadaje ashirin ne a ɗakin, goma a dama goma a hagu, da lamba a bango saman kowanne. Mai shara mai jini a jika zai gama shi cikin minti arba'in. Ita sai ta cinye awa ɗaya da rabi, domin a gindin kowane gado sai ta tsaya, ta jingina sandar tsumma a kafaɗa, bakinta na motsi. Sababbin nas-nas kan zaci ko kanta ba daidai ba. Ni kaina da na zo sabuwa sai da na tambaye ta, duk da cocinmu ɗaya, kuma ita ce ta yi ta goyona lokacin da uwata ke cikin mawaƙa.

"Mama, wai me kike ƙirgawa ne?"

"Ba ƙirga nake ba, Sista. Tuni nake." A wurin aiki Sista take ce mini ko mu biyu ne kawai, sai mun fita ƙofar asibiti nake komawa 'yar nan. "Kin ga na biyun nan? Nan direban tanki ya kwanta, wanda likita ya ce a kira 'yan'uwansa. Da ƙafarsa ya fita, har ya manta takalminsa don murna. Na biyar, mai walda ne, wuta ta ci rabin jikinsa, yanzu 'ya'yansa shida. Su sun tafi sun manta. In ban gode wa Ubangiji ba, wa zai gode?"

Na ce, don in tsokane ta, "To waɗanda suka mutu fa?"

"Su ma ina tuna su mana. Na goma sha shida ya mutu, amma sai da ɗansa da suka yi shekara takwas ba sa ga maciji ya iso ya riƙe masa hannu. Ni na ba shi kujera."

Ita ma ta gado ta shigo aikin. Mijinta magini ne, ya faɗo daga hawa na biyu ya kwanta wata biyar a gado na huɗu, ba a san ko zai sake takawa ba. Ita kuma ba ta iya zama wuri ɗaya. In ta gama goge masa jiki sai ta ɗauki tsintsiya ta share ƙarƙashin gadonsa, daga nan na maƙwabcinsa, daga nan ɗakin gaba ɗaya. Babbar Sista ta wancan lokacin ta ce tunda dai kin ƙi zama, zo a rubuta sunanki. Mijin ya tashi yana ɗingishi, ya koma gadi a wani kanti, ya ƙara shekara goma sha tara a duniya. 'Ya'ya uku suka haifa, ta binne ɗaya, biyun suna nesa da aurensu.

A coci kuwa Mama Shaida ake kiran ta. Da Fasto ya ce, "Akwai mai shaida? Minti uku-uku don Allah," kowa sai ya gyara zama, don an san wadda za ta miƙe. In za ta gode don jikarta ta ci jarrabawa jiya, daga faɗowar maginin za ta faro. Mai ganga har ya ƙware, in ta wuce minti goma sai ya fara ɗan bugawa a hankali, mawaƙa su ɗauka, a rufe ta da waƙa. Ko a jikinta, Lahadi mai zuwa za ta ɗora daga inda aka tsaya.

To, ga abin da ya faru. Ranar Talata ce da safe, takwas saura. A gado na tara akwai wani tsoho, tela ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma yakan ruɗe ya ce zai tashi ya buɗe shago. Saboda haka kullum ƙarfen gefen gadonsa a ɗage yake. Na sauke ƙarfen don in canja masa ledar ƙarin ruwa. Ina gama rataya ledar wayata ta yi ƙara. Maigidana ne, wai ina na ajiye makullin babur. Makullin babur fa! Raina ya ɓaci, na fita baranda don in yi masa tatas ba a gaban marasa lafiya ba. Ban yi minti huɗu ba na ji tim, sannan ihu. Tsohon ya mirgino ƙasa, ƙashin ƙugunsa ya karye.

Da aka ce in rubuta rahoto, na rubuta cewa na ɗaga ƙarfen kafin in fita, shi ne ya sauke da kansa. Allah ya sani ban zauna na shirya ƙaryar ba, kawai na ga biro ya rubuta, ni kuma ban soke ba. Sai dai 'yar tsohon malamar makaranta ce, ba ta da wasa. Ta zo ta tsaya ta ƙare wa gadon kallo, ta ce maɓallin ƙarfen a dama yake, hannun daman babanta kuma ko cokali ba ya riƙewa, to da me ya sauke? Ta rubuta takardar ƙorafi. Aka sa ranar Alhamis ta mako na gaba. Aka duba wanda yake ɗakin a lokacin, ban da marasa lafiya, Mama ce kaɗai.

Kwana taran nan ban san yadda na yi su ba. Na kasa zaune na kasa tsaye. In ɗora tukunya in manta har sai maƙwabta sun ji ƙauri. Na goge kayan aikina na ninke, na sake warwarewa na goge. Yarana suka koma tafiya da sanɗa a gida, don ko cokali ya faɗi sai na yi faɗa. Maigidan kuwa bai ƙara ambatar babur a gabana ba, ya san abin da zai biyo baya.

Ranar Juma'a da yamma na tafi wurin Mama. Ɗakinta ɗaya ne a bayan shagon masu facin taya, gado da kujera biyu da risho, da hoton maginin a bango yana riƙe da sanda. Na tarar tana tsince shinkafa a faranti.

"Mama, za a kira ki ki ba da shaida ranar Alhamis."

Fuskarta ta washe. "A asibiti? Ikon Allah! Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa cewa in ba da shaida a wurin nan. Minti nawa za su ba ni?"

"Haba Mama, ba irin wannan shaidar ba! Kwamiti ne. A kan tsohon da ya faɗi. Tambaya ɗaya za su yi miki, ke kuma kalma huɗu za ki faɗa. Na ga ta ɗaga. Shi ke nan, ki zauna."

Ta ajiye farantin a kan gado.

"'Yar nan, ban ga kin ɗaga ba."

"To ki ce ba ki ga komai ba. Kina duƙe kina goge-goge."

"Na gani."

Nan fa zuciyata ta hau. Ni dama a kusa take, kowa ya sani. Na ce mata ita da take tuna direban tankin da bai san ma tana duniya ba, ba za ta tuna uwata ba, wadda ta kwana da ita a ɗakin nan mako guda lokacin da ta binne ɗanta? Na ce korata za a yi, a karɓe lasisina, ba asibitin da zai sake ɗaukata ko sharar ma. Na faɗi maganganun da har yau in na tuna kunya take kama ni.

Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Cewa ta yi, "Kin tuna kin faɗi jarrabawar nas sau biyu, kika zo nan kika ce kin haƙura za ki koma sayar da gwanjo? Kin tuna haihuwarki ta fari, da aka fito aka ce wa mijinki ya zaɓi ɗaya? Wanda ya fitar da ke daga can..."

"Wannan duk da ne, Mama! Ni maganar Alhamis nake yi!"

"Ni ma ita nake yi."

Na suri jakata na fita ko sallama babu. Masu faci suka bi ni da kallo.

Na ɗauka ni kaɗai ce hankalina a tashe. Amma ranar Lahadi da Fasto ya ce akwai mai shaida, Mama ba ta motsa ba. Rabin cocin suka waiwaya suna dubanta. Mai ganga har ya ɗaga sanda yana jira, ya gaji ya sauke. Fasto ya sake tambaya yana kallonta kai tsaye, ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. Ranar Litinin kuma a wurin aiki na ga abin da ban taɓa gani ba: ta goge ɗakin maza cikin minti arba'in, ba ta tsaya a gado ko ɗaya ba. Da ta gama ta rasa abin yi, ta koma ta goge tagogi, ta wanke bokitin da yake a wanke, ta fita baranda ta dawo. Muka yi ta gifta juna ba mai cewa uffan. A raina na ce madalla, maganata ce ta shige ta, za ta rufa mini asiri. Har na ɗan ci abinci ranar.

Alhamis ta zo. Ƙaramin ɗakin taro ne a hawa na sama, dogon tebur da fanka mai ƙara. Babban likita a tsakiya, Babbar Sista a damansa, sakatare da littafinsa a hagu, malamar makarantar a gefe ta rungume jaka. Aka karanta rahotona, aka tambaye ni ko haka ne, na ce haka ne. Sannan aka kira Mama.

Ta shigo da kayan zuwa coci, zani da riga masu guga, har da takalmin da take ajiyewa don ɗaurin aure. Aka nuna mata kujera ta ƙi zama. Ta gyara murya.

"Ku yabi Ubangiji!"

"Halleluya," in ji sakatare, kafin ya ankara ya toshe bakinsa da biro.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Babban likita ya cire tabarau ya ce, "Mama, nan ba coci ba ne."

"An ce in zo in ba da shaida, Likita."

"E, amma abin da kika gani da idonki za ki faɗa mana."

"Ai ita ce shaida. Ni ban san wata ba."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce ta ci gaba, amma don Allah ta fara daga ranar Talata. Ta ce to.

"Ina gado na shida. Na san na shida ne don ina kan godiyar wani mai gyaran rediyo da aka yi wa aiki sau uku. Na ɗaga kai na ga Sista ta sauke ƙarfen na tara, ta canja ruwa. Wayarta ta yi kuka, ta fita. Ba ta ɗaga ƙarfen ba."

Malamar ta ce, "Kun ji ko?" Babban likita ya ce an gode, tana iya tafiya. Mama ba ta gusa ba.

"Ban gama ba, Likita. Na ga ƙarfen a sauke. Na ga Baba yana motsi yana neman takalminsa da ƙafa. Tsakanina da shi bai fi taku shida ba. Na ce a raina bari in ƙarasa godiyar na shida, in yi ta na bakwai da ta na takwas, ai yanzu zan iso. Ban taɓa tsallake gado ba, sai na ga kamar in na tsallake na yi wa Ubangiji rowa." Ta sunkuyar da kai. "Ina tsaye ina gode masa don mutumin da ya warke shekara goma sha ɗaya da suka wuce, mai rai ya faɗi a gabana. Da na jefar da sandar tsumman na ruga, da na tare shi."

Babbar Sista, wadda ta san ta tun tana ɗaliba, ta yi ƙoƙarin ba ta hanya. Ta ce, "Mama, ɗaga ƙarfen gado ai ba aikinki ba ne."

"Hannu gare ni, Sista."

Ta juya wurin malamar, ta durƙusa da kayan cocinta a kan simintin da ba a share ba, ta ce, "'Yata, ki yafe mini. Ki kai wa Baba ma." Malamar ta kau da kai tana share ido da bayan hannu.

Sai a lokacin na gane abin da ya hana ta miƙewa ranar Lahadi. Ba maganata ba ce. Kwana tara tana ɗauke da nata kayan, ni kuma na je har ɗakinta na ɗora mata nawa a kai ina zaginta. Sai babban likita ya waiwayo ya ce, "Sista, har yanzu kina kan rahotonki?" Ina iya cewa tsohuwa ce, idonta ba ya gani sosai, kuma da an yarda, don kowa a asibitin ya san ta da surutu ita kaɗai. Na dube ta tana ƙoƙarin miƙewa, tana dafa ƙafar tebur. Na ce, "A'a, Likita. Ƙarya na rubuta. Ban ɗaga ba, waya na fita amsawa." Sakatare ya rubuta. Aka ce mu tafi, za mu ji sakamako a rubuce, kafin nan ni in zauna a gida.

Mako biyu kuma na jira. In na ji ƙarar babur a ƙofa sai in leƙa. Na yi ta lissafin yadda zan faɗa wa uwata, da inda zan sami jarin gwanjon. Addu'a ma na kasa yi ta kirki, sai dai in durƙusa in ce, "Ubangiji, kai dai ka sani," in tashi in ci gaba da zagaye tsakar gida. Sau biyu na kama hanyar ɗakin Mama in ba ta haƙuri, sau biyu na juyo daga shagon masu faci.

Ranar da aka kira ni karɓar takarda, a baranda na buɗe ta, a daidai inda na tsaya na amsa wayar nan. Dakatarwa ta wata uku, da gargaɗi na ƙarshe, kuma in na dawo za a mai da ni sashen marasa lafiya masu zuwa a duba su su koma gida. Ba a kore ni ba, ba a taɓa lasisina ba. Na zauna a kan benci.

Ina nan zaune sai ga Mama da bokitinta, da farar ambulan a ɗaya hannun.

"Sista, an ba ni wannan. Karanta mini, kin san ni da boko."

Na buɗe. Layi biyar ne. Na karanta a zuci sau biyu, ina neman yadda zan sassauta. Na so in ce hutu aka ba ta. Amma na riga na yi wa matar nan isasshe, don haka na karanta mata yadda yake. An gode mata da dogon aiki. Kwamiti ya lura da shekarunta, da kuma al'adarta ta tsayawa yin abin da ba aiki ba a lokacin aiki, wanda da bakinta ta amsa ya jawo jinkiri. Daga ƙarshen wannan mako an sallame ta.

Nas-nas sun yi ƙaranci, masu neman shara kuwa ga su nan a bakin ƙofa kullum, ba sai an faɗa mini ba. Na ce, "Wannan zalunci ne! Ni na sauke ƙarfen, ni na yi ƙarya, ni aka bari! Yanzu zan hau sama in same su, sai sun ji abin da ba su taɓa ji ba!"

Ta riƙe mini hannu.

"Zauna. Taki me ta ce?"

"Wata uku. Ba su kore ni ba."

"Ba su kore ki ba." Ta maimaita a hankali, tana gyaɗa kai. Na jira ta ce a yabi Ubangiji, na shirya in fashe da kuka in ta faɗa. Ta zauna kusa da ni a kan bencin, abin da ba ta taɓa yi ba a lokacin aiki, ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin maza. Ana ta shige da fice da keken magani.

"Ban san yadda zan gode wa Ubangiji don tawa takardar ba tukuna," ta ce. "Ban iya ba. Da godiyar taki zan fara ba da shaida, in Allah ya kai mu Lahadi."

"Mama, ki yafe mini."

"Wuce nan." Ta share fuska da gefen ɗankwali, ta ninke takardar ta cusa a aljihun rigar aiki, sannan ta dubi bokitin da ke tsakanin ƙafafunta. "'Yar nan, ki tambayo mini wanda za a ba wannan. Mariƙinsa na ɓallewa ta gefe ɗaya, sai na nuna wa mutum yadda ake ɗaukarsa, in ba haka ba zai zubar musu da ruwa a tsakar ɗaki wani ya zame."